Shekarar da Ulayya Ta Rufe Ƙofa

A Basra, idan ka ce ka ji hadisi daga bakin wani tsoho, ba a fara tambayarka abin da ya ce. Sai an tambaye ka yaushe ka ji. Mutanenmu ba su da kara a wannan wuri. Ko gemunka ya kai cibiya, sai wani ya miƙe daga ƙarshen sahu ya ce, kafin ya ruɗe ko bayan ya ruɗe? In ka iya rarrabewa, a karɓi na farko a bar na baya. In kuwa abin ya cakuɗe, ba a san na lokacin lafiya da na gigin tsufa ba, sai a tattara duk abin da tsohon ya ruwaito tun yana saurayi a ajiye gefe, ba alƙalin da zai sake yanke hukunci da shi. An yi wa manyan mutane haka muna gani, kuma waɗanda suka yi musu ba su fasa cin abincin ranarsu ba.

Abul Miswar, Nahshal ɗan Dirar, yana cikin masu zafi a wannan aiki. Shi ne ya daina ruwaito komai daga abokinsa na ƙuruciya da ya ga kan abokin ya fara juyewa, ya kuma faɗa a bainar jama'a, sannan ya ci gaba da kai masa romo da gurasa har mutumin ya rasu. Bai taɓa rubuta hadisi a takarda ba. Yakan dafa ƙirjinsa ya ce ma'ajiyarsa ke nan, ɓera ba ya shiga. Duk safiya ana buɗe ƙofar zaurensa da ke kallon magudanar ruwa, jakuna da takalma su cika titi, alƙalin gari kansa ya aiko idan wata shari'a ta cije masa.

'Yarsa Ulayya ta girma ne a bayan labulen zauren nan. Tun tana ƙarama take zama a wurin, tana cire ƙwallayen dabino tana saurare, har ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo ta zauna inda ta tashi. Ba wanda ya ɗauke ta almajira, amma ta ji kowane hadisi na ubanta sau ba adadi, da sunayen mutanen da suka miƙo shi ɗaya bayan ɗaya. Uban ya san da haka. Wani lokaci idan almajiri ya yi ta kwamacala da isnadi, wato jerin sunayen nan, sai ya ɗaga murya ya ce labulen nan ma ya fi ka hadda, jama'a su yi dariya, ita kuma ta ji daɗi a ranta har la'asar.

Abin ya faru ne a kakar dabino. Magatakardan alƙali ya zo da tambaya a kan wasu maƙwabta biyu masu gonakin dabino da ke shan ruwa daga rafi ɗaya. Ɗaya ya sayar da gonarsa ga baƙo, ɗayan ya ce shi ya fi cancanta ya saya tunda ruwa ya haɗa su. Alƙali yana so ya ji ko Abul Miswar yana da wani abu a kai.

Tsohon ya gyara zama, ya jero sunaye da muryarsa mai daɗi, wane ya gaya mini daga wane, ya kai maganar har ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Alƙaluma suka hau ƙara a kan takardu. A bayan labule kuwa hannun Ulayya ya tsaya cik a cikin kwando. Ta san maganar sarai. Ba hadisi ba ce, fatawar wani malamin Kufa ce, ra'ayinsa ne da ya faɗa, kuma haka ubanta ya saba kawo ta tsawon shekaru. Yau ya ɗauki isnadin wani hadisi dabam ya ɗora mata, ya sa a bakin Annabi abin da Annabi bai faɗa ba, kuma gobe za a raba mutum da gona ko a ba shi saboda haka.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Kuma ba yau ne farau ba, ta dai ƙi yarda ne. Kwanakin baya ya tsallake sunan mutum a tsakiyar isnadi, ta ce gajiya ce. Ya kira ta da sunan mahaifiyarta da ta daɗe a kabari, ta ce ai kama ce.

Da aka watse ta sami wanta Miswar a tsakar gida. Miswar falken dabino ne a kasuwar Mirbad, mutumin kirki, mai son ubansa, amma kuma yana son yawan jakunan nan da ke ƙofar gida fiye da yadda zai amsa. Ta gaya masa abin da ta ji, ta ce ya je ya sanar da alƙali.

"Ke kin haukace ne?" ya ce, yana waige-waige kada bayi su ji. "In je masallaci in ce ubana ya ruɗe? Da wane bakin? Mutum ya yi tuntuɓe ɗaya a shekarunsa, sai ke mai cire ƙwallon dabino ki ce kin kama shi? Yi shiru kawai, gobe zai gyara da kansa."

"Yaya, in ya gyara gobe, jibi fa? Wa zai zauna ya ware musu?"

Ya ce ita dai ta cika neman magana tun tana goye, ya saɓa mayafinsa ya fita.

Sai ita ta je wurin alƙali da kanta. Alƙali yana jingine da ginshiƙinsa a masallaci inda yake zama, ta jira har aka zo kan mata, ta durƙusa ta faɗi ko ita wace ce da abin da ya kawo ta. Alƙalin bai ƙaryata ta ba, bai kuma gaskata ta ba. Ya aika aka kira wasu tsofaffin almajiran ubanta, aka tambaye su a ware, kowanne ya ce a da dai maganar malamin Kufa ya ji ta. Abin ya yi wa alƙalin nauyi, don shi ma a zauren ubanta ya yi karatu. Ya ce zai duba shari'ar gonar ta wata hanya. Sannan ya tambaye ta a hankali me za su yi da ƙofar zauren.

Washegari ƙofar ba ta buɗe ba. Almajirai suka taru, suka ƙwanƙwasa, Miswar ya leƙo ta taga yana shirin cewa Malam ba ya jin daɗi ne, a dawo wani lokaci. Ulayya ta riga shi. Ta san ƙarya ba za ta tsare komai ba, dole mutane su san inda iyakar take. Ta tsaya bayan ƙyaure ta ɗaga murya yadda na nesa zai ji, ta ce Abul Miswar tsufa ya taɓa haddarsa. Duk wanda ya ji daga gare shi kafin kakar dabinon bana ya riƙe abinsa. Wanda ya rubuta wani abu tun da aka fara yanka dabino ya wanke shi, ko ya kai wa tsofaffin almajirai su duba. Daga yau kuma ba wanda zai sake ji daga gare shi.

Basra ta yi abin da ta iya, wato surutu. Mata a bakin rafi suka ce 'ya ta ɗaure ubanta kamar rago. Wasu suka ce gadon gidan take hange. Wani mai wayo ya ce bazawara ce, ba ta da wanda za ta juya sai tsoho. Malaman hadisi kuwa, wasunsu in sun zo wucewa ta ƙofar sukan rage sauri su yi sallama, ko da ba wanda zai amsa.

Duk wannan bai dame ta ba kamar abin da ke cikin gida. Kowace safiya tsohon yakan naɗa rawaninsa, ya ɗauki sandarsa, ya taho zaure ya tarar da sakata a ƙofa da 'yarsa a tsaye. Ta yi masa bayani, ya ƙi ji. Ya ce shi da ya gyara wa Basra ruwayarta, yau yarinyar da ya goge wa majina ce za ta ce masa ya manta? Ya kira ta mai gadin kurkuku. Ya daina karɓar abinci daga hannunta, sai ta ba wa baiwa ta kai masa. Tana jin zafin wannan ƙwarai, takan shiga madafa ta yi kukanta ta wanke fuska ta fito.

Bayan sanyi ya shigo wani baƙo ya iso daga Marwa ta ƙasar Khurasan, sunansa Hamdawaihi. Ƙafafunsa duk sun faffashe, Larabcinsa na ba yara dariya. Tun a garinsu ya ji sunan Abul Miswar, ya yi wata da watanni a hanya don ya ji daga bakinsa ba tare da kowa a tsakani ba. Da aka gaya masa an rufe ƙofa sai ya zauna a dakalin gidan ya ƙi tashi. Yana kuka yana roƙon hadisi ɗaya tak, wanda zai koma gida ya ce ya ji.

Miswar ba ya iya ganin namiji yana kuka. Ranar da Ulayya ta shiga maƙwabta gaisuwar haihuwa, ya zare sakata ya shigo da baƙon, ya kamo hannun ubansa ya zaunar da shi a kan buzunsa. Da ta dawo tun daga titi ta jiyo muryar. Ta yi watanni ba ta ji ta da ƙarfi haka ba, kuma ta yi kewar ta. Ta shiga ta ƙofar baya, ta tsaya a bayan labule. Hadisi na farko ya fita daidai. Ta ji kamar ta bar shi, ko yau kaɗai. A na biyu ya ce wane ya gaya masa, ya ambaci mutumin da ya rasu tun kafin a haife shi.

"Baba," ta ce, "ba ka riske shi ba. Akwai Zur'a mai rini a tsakaninku."

Miswar ya sunkuyar da kai yana jiran tsawa. Tsohon ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya. Leɓɓansa suna motsi, yana bin sunayen da yatsunsa, ya kai wurin ya koma farko, ya sake kaiwa. Ya ce ta karanto masa isnadin. Ta karanto. Ya ce na farkon fa, da wanda ya aika wa alƙali? Ta karanto su duka, yadda yake faɗa a da da yadda ya faɗa a kakar dabino. A lokacin hankalinsa ya dawo masa tas, suna ganin haka a fuskarsa, kuma ba abin daɗin gani ba ne.

Ya juya ga baƙon. Ya sa aka kawo kasko da ruwa, ya ce ya tsoma takardarsa a ciki, duka, har da na farkon. Hamdawaihi ya ce ai na farkon daidai ne, 'yarsa ma ba ta yi gyara ba. Tsohon ya ce ba a karɓar daidai daga wanda bai san ya yi daidai ba. Suna kallo tawadar ta narke, ruwan ya yi baƙi.

"Ka zo daga nesa, ba za ka koma hannu banza ba," ya ce. "Ga abin da za ka kai Khurasan daga bakina. Nahshal ɗan Dirar ya ruɗe a ƙarshen rayuwarsa, kada a karɓa daga gare shi. Ka ce ni na gaya maka." Sannan ya dubi labulen ya ce, "'Yar nan, ki riƙe ƙofar. Ko na zage ki, ki riƙe."

Miswar ya fashe da kuka kamar yaro. Tun daga ranar bai sake taɓa sakatar ba.

Kafin baƙon ya tafi ya tsaya a bakin labule ya yi wa Ulayya magana cikin ladabi. Ya ce ya zaga garuruwa bai ji hadda irin wannan ba. Zai wuce Makka da Madina, in Allah ya dawo da shi ta Basra yana so ya zauna a nan ya rubuta daga bakinta duk abin da ta ji a lokacin lafiyar mahaifinta, sunanta ya shiga isnadi tsakaninsa da Abul Miswar. Ta ce dai Allah ya kai shi lafiya. Amma maganar ta zauna mata a rai. Tana so, ba kaɗan ba. Shekara da shekaru ana kiran ta labule, ga wani zai kira sunanta a masallatan ƙasar da ba za ta taɓa gani ba.

Da gari ya waye tsohon ya naɗa rawani ya ɗauki sanda, ya taho ya tarar da ita a ƙofa, ya tambaye ta wa ya ba ta izinin kulle masa zaure. Bai tuna baƙon ba, bai tuna kaskon ba. Ta gaya masa abin da ya ce jiya, ya ce ƙarya take masa.

Daga nan ya fara lalacewa. Faɗan ma ya daina. Yakan zauna a ɗakinsa ya fuskanci bango, rawanin a kansa, ba ya ci ba ya magana. Mutum ne da bai san wata rayuwa ba sai a tambaye shi ya amsa, yanzu kuma ba mai tambaya. Wata rana ta wuce ta ji yana ce wa bango, wane ya gaya mini daga wane, sannan ya dakata irin dakatawar da yake yi don masu rubutu su kamo shi. Ba ƙarar alƙalami, sai ya yi shiru.

Ta daɗe a tsaye a bakin ɗakin. Ta san abin da zai tashe shi, ta kuma san abin da zai ci mata. Hadda ba akwati ba ce da za ka ware sabo da tsoho. Abin da kunne ya ji kullum yakan shiga ya zauna kusa da na da, har ka kasa gane wanne ya riga zuwa. Ta shiga, ta durƙusa a gabansa yadda almajirai ke yi, ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a karanta mini."

Ya dube ta bai gane ta ba. Ya tambaye ta daga wane gari take. Ta ce daga nan kusa. Ya gyara zama, ƙirjinsa ya buɗe, ya fara.

Haka suka yi har ƙarshen ransa, kuma ya ja lokaci fiye da yadda kowa ya zata. Kullum da safe bayan ta kulle ƙofar waje takan zauna a gabansa, shi kuma ya zuba: isnadin wannan a kan wancan, matattu suna ji daga waɗanda ba a haifa ba, fatawar Kufa a bakin mutanen Madina. Ba ta gyara masa. In ya dakata ta ce na'am, a ci gaba. Ya koma cin abinci, har daga hannunta, don a ganinsa almajira ce mai ladabi. Wani lokaci yakan kai mata ƙarar 'yarsa, ya ce wata mara kunya ce ta kulle shi, ita kuma ta ce Allah ya shirye ta. Ya rasu da hantsi a tsakiyar wani isnadi, yana neman sunan da ya ɓace masa.

Jana'izarsa ta cika titi har bakin rafi. Masu cewa ta ɗaure ubanta su ne a gaba wajen cewa ai dama sun san 'yar albarka ce. Malamai suka yanke maganarsu a taƙaice kamar yadda suka saba: Nahshal amintacce ne, ya ruɗe a ƙarshe, amma an tsare shi, ruwayarsa duka tana nan. Alƙalai suka ci gaba da hukunci da abin da ya bari.

Hamdawaihi ya dawo bayan ya daɗe a Hijaz, ya yi ƙiba, Larabcinsa ya miƙe. Ya zo da damin takarda da tawada sabuwa, ya yi ta'aziyya, ya zauna a bakin labule ya fiƙe alƙalami. Miswar ya shimfiɗa masa buzun ubansu, yana ta murna zaure zai sake cika.

Ulayya ta ce ya mayar da alƙalaminsa. Ta ba shi sunayen tsofaffin almajiran ubanta da unguwanninsu, ta ce ya je wurinsu. Ya ɗauka kawaici ne, ya roƙe ta. Sai ta gaya masa yadda ta zauna a gaban tsohon kowace safiya, da abin da kunnenta ya sha.

Ya ce, "Amma baiwar Allah, ke ce fa kika kama kuskurensa. Kin san daidai, kin san wanda ba daidai ba."

"Na sani a da. Rannan ina tankaɗe na ji bakina yana karanto wani isnadi, na tsaya na rasa a zaure na ji shi ko a ɗaki. Wataƙila ɗaya ne kawai, wataƙila da yawa. In na ba ka, ka kai Khurasan, wani ya gano baragurbi a ciki, za a ce ashe ƙofar ba ta rufu ba, sai a koma kan tsohon a zubar da shi duka."

Miswar ya ce, "Haba Ulayya, ko waɗanda kika tabbatar ki ba shi mana."

"Shi ma Baba ya tabbatar, Yaya."

Baƙon ya tsoma alƙalami ya ce to bari ya rubuta abu ɗaya da zai kai gida, yana faɗa yana rubutawa: Abul Miswar ya ruɗe, 'yarsa ta tsare shi, ba wanda ya ji daga gare shi bayan haka.

"Gyara," ta ce daga bayan labule. "Mutum ɗaya ya ji. Ka rubuta sunana, Ulayya 'yar Nahshal, ka ce kada a karɓa daga gare ta."